Kowa Ya Zo Da Kofinsa

Ƙawata, na ji an ce kin ci jarrabawa, za ki tafi kwaleji. Allah ya sa albarka. Ba ni da abin hannu da zan ba ki. Labari nake da shi. Ki samu wuri ki zauna, ki karanta shi a hankali, don a hankali na rubuta shi.

Kin san ɗana na fari, wanda muke kira Dogo. Kin san shi da gaisuwa har ƙasa. Labarinsa ne. Nawa ne kuma, don ni ma da hannuna a ciki.

Bari in fara da kaina. Ban yi makarantar boko ba. Sai da na haifi yara uku sannan na koyi karatu. Ba wanda ya zaunar da ni. In na gama ɗinki, sai in ɗauko tsofaffin littattafan Dogo na 'yan aji ɗaya. In sa yatsa a ƙarƙashin harafi, in yi ta maimaitawa. In na kakare, in jira yara su dawo daga makaranta.

Tun da idona ya buɗe, ban ƙara barin takarda ta wuce ni ba. Gwangwanin madara, kwalin sabulu, har takardar da babansu yake ƙunso ƙusa a ciki. Duk sai na karanta, kuma da ƙarfi. Yara suka sa mini suna Rediyon Gida. Ba na jin haushi. Wanda ya daɗe da ƙishirwa ba a hana shi shan ruwa.

Da Dogo ya samu kwaleji, sai aka ba shi takardu da yawa. Ɗaya a ciki ta inshorar lafiya ce ta ɗalibai. Babansu kafinta ne. Ya dube ta sama-sama, ya ture ta gefe. Ya ce yaron da yake ɗaukar katako biyu a kafaɗa ɗaya, wane ciwo ne zai kama shi? Ya ce wannan kiran cuta ne tun ba ta zo ba.

Na ɗauki takardar na kai kan keken ɗinkina. Kwana uku ina karanta ta. Na gane abin da take cewa. Kowane ɗalibi zai ba da ɗan abu kaɗan a farkon shekara, a tara wuri ɗaya. Duk wanda ya kwanta ciwo, da abin da aka tara za a duba shi. Ba sai ya zo da kuɗi a hannu ba.

Na samu babansu yana wanke hannu bayan ya dawo daga shago.

Na ce, "Malam, in ka gama kujera, ba kana shafa mata maganin gara ba?"

Ya ce yana shafawa.

Na ce, "To kiran gara kake yi?"

Ya yi dariya har ya zubar da ruwan butar. Ya ce Rediyo ta ci wannan shari'a.

Aka yi wa Dogo kati. Ɗan ƙarami ne, shuɗi, da hotonsa a gaba. A bayansa akwai wurin rubuta lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Ni na rubuta tawa da hannuna. Rubutuna manya-manya ne, sai da lamba ta ƙarshe ta kusa faɗowa daga katin. Na sa masa a walat ɗinsa, na ce kada ya rabu da shi.

Kwalejin tana can ƙarshen gari. Dogo yana kwana a ɗakin ɗalibai, ya zo gida ranar Juma'a da yamma. Shekarar farko ta wuce lafiya. Ko mura bai yi ba. Babansu ya yi ta tsokanata, wai katin nan ya ƙoshi da barci.

A shekara ta biyu aka ce a sabunta. Dogo ya zo da fom. Ni na karɓi biro, don ina son cike fom kamar yadda wasu suke son kitso. Na shiga karanta tambayoyin da ƙarfi. Ko yana da ciwon asma. Ko an taɓa yi masa aiki. Yana amsawa, ina sa alama.

Sai na zo kan wata tambaya. An rubuta, "Kana shan giya?"

Na yi dariya. Na ce wannan ba sai na tambaye shi ba. Na sa alama a kan "A'a", na wuce. Na tuna ya sunkuya yana ɗaure igiyar takalminsa. Takalmin a ɗaure yake. A lokacin ban kawo komai a raina ba.

A wannan shekarar ya daina kwana biyu a gida. Ranar Asabar da rana sai ya ce zai koma, wai suna da bita shi da abokansa. Kin san bita, a taru a maimaita abin da aka koya. Na ji daɗi. Ina yi masa addu'a har bakin ƙofa.

Wata Asabar ya bar wayarsa tana caji a kan keken ɗinkina. Ta yi haske, saƙo ya shigo. Kin san halina. Idona ya riga hankalina. An rubuta, "Bita yau ƙarfe huɗu. Kowa ya zo da kofinsa."

Tausayi ya kama ni. Na ce Allah sarki, yaran nan shayi suke dafawa su sha suna karatu, ga shi ko kofuna ba su da su. Na buɗe kabad na ciro kofina mai furanni, babba, mai mariƙi. Ko ƙannensa ba na bari su taɓa shi. Na naɗe shi a jarida na miƙa masa.

Ya ce in bar shi, yana da na roba. Na ce ɗana ba zai yi bita da kofin roba ba. Ya karɓa da yatsu biyu kamar na ba shi garwashi.

Ana saura mako guda su gama jarrabawa, ya zo gida kuncinsa a kumbure. Haƙori ne. Na raka shi asibitin da yake karɓar katin. Aka duba katin, aka ce mu shiga. Ba a tambaye mu komai ba. Likitar haƙorin mace ce mai fara'a. Ta leƙa bakinsa, ta ce sai kumburin ya sauka kafin ta taɓa haƙorin. Za ta ba shi magani na kwana bakwai.

Kafin ta rubuta, sai ta tambaye shi ko yana shan giya.

Na ce, "Haba likita. Wannan ai limamin gidanmu ne."

Ta yi murmushi, ta ce shi take tambaya. Dogo ya dube ni. Ya dubi ƙasa. Ya ce ba ya sha.

Ta ce madalla, don wannan magani ba ya shiri da giya ko kaɗan. Ta ce ko bayan an gama shan sa, sai an ba shi kwanaki. A gida na karanta takardar cikin kwalin da ƙarfi. Ita ma haka ta ce. Na ce masu rubutun nan ba su san gidan da maganinsu ya shigo ba. Ƙannensa suka yi dariya. Shi bai yi ba. Na ce haƙori ne ya hana shi.

Ranar Asabar suka gama jarrabawa. Ina zaune ina ɗinka kwalar rigar makaranta, rana ta yi sanyi, sai wayata ta yi ƙara. Ban san lambar ba.

Muryar yaro ce. "Mama, ni ne abokin ɗakin Dogo. Muna asibiti. Ki zo yanzu."

Na tambaye shi me ya faru. Ya ce Dogo ya faɗi. Ya kashe wayar.

Ban san yadda na fita ba. A cikin motar haya na ga awon ɗinki yana rataye a wuyana. Na kira babansu. Ya riga ni isa, garin katako har a girarsa.

Aka nuna mana ɗakin gaggawa. Ƙawata, ban gane ɗana ba. Yana kwance a kan gado mai taya. Rigarsa ta ɓaci da amai. Zufa tana zuba kamar an watsa masa ruwa. Idonsa a rufe, ƙirjinsa yana sama yana ƙasa. An maƙala masa wani abu a yatsa, na'ura tana ƙara da sauri-sauri. Na kira sunansa. Bai amsa ba.

A gefen gadon wani yaro ne tsaye, siriri mai tabarau, da leda a hannu. Shi ne ya kira ni. Mai Tabarau suke ce masa.

Likitan yana riƙe da katin Dogo. Ya riga ya buɗe bayanansa a kwamfuta. Ya tambaye mu me yaron ya ci, me ya sha. Na ce maganin haƙori kawai, na faɗi sunansa, don na haddace shi daga kwalin. Likitan ya ɗago da sauri. Ya ce a fom an rubuta ba ya shan giya. Ya ce haka ne?

Na ce haka ne, ni na rubuta.

Ya juya wurin Mai Tabarau. Yaron ya dube ni, ya dubi babansu. Ya ce shayi suka sha.

Likitan bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ku saurare ni. Yaron nan ba zai iya magana ba. Ina bukatar sanin abin da ya sha, da yawansa, da lokacin. In na yi ta lalube, lokaci zai ƙure mana."

Na buɗe baki zan ce ɗana ba ya sha. Maganar tana kan harshena. Sai idona ya faɗa kan ledar da ke hannun Mai Tabarau. Takalman Dogo ne a ciki, da wayarsa. Daga gefe kuma mariƙin kofina ya leƙo.

Na miƙa hannu na zaro shi. Akwai ɗan saura a ƙasansa. Na kai shi hanci.

Ba shayi ba ne.

Ban taɓa riƙe giya a hannuna ba, amma na san warinta daga bakin titi. Ƙarar na'urar ta yi nisa. Kofina ne. Ni na naɗe shi a jarida. Ni na raka shi bakin ƙofa da addu'a.

Na dubi Mai Tabarau. Ya kawar da kai daga gare ni. Sai na gane ba likita yake tsoro ba. Ni yake jin kunya. Muddin ina tsaye a wurin, ba zai faɗa ba. Ɗana yana kwance yana kokawa da numfashi, ni ce kuma na tare hanyar gaskiya.

Na ce masa, "Ɗana, zan fita. Ka gaya wa likita komai, kada ka rage. In ka ɓoye don kunyata, ka cuce ni."

Na kama hannun rigar babansu na ja shi waje. Muna rufe ƙofa na ji yaron ya fashe da kuka, ya fara magana.

Akwai dogon benci a baranda. Babansu ya tambaye ni mene ne a kofin. Na miƙa masa. Ya shinshina. Ya ajiye shi a ƙasa a hankali, kamar zai fashe. Ya zauna ya riƙe kai da hannu biyu.

Ni na kasa zama. Na tsaya ina karanta abin da aka liƙa a bango don kada in faɗi. A wanke hannu da sabulu. A yi shiru saboda marasa lafiya. Hanyar ɗakin magani. Na karanta, na sake karantawa. A karon farko ban yi da ƙarfi ba. A tsakanin layi da layi ina cewa, ya Allah, kai ka ba ni shi, ka bar mini shi, sauran magana ma yi ta daga baya.

Ma'aikatan jinya suna shiga suna fita da robobin ƙarin ruwa. Ba wanda ya tsaya ya ce mu je mu biya kafin a taɓa shi. Ba wanda ya aike mu neman komai. Aiki kawai suke yi.

Aka kira sallar magariba. Muka yi a ƙarshen barandar. Muna sallamewa likitan ya fito. Ya ce bugun zuciyar ya fara sauka, numfashin ya daidaita. Ya ce giyar da ya sha tana da yawa ƙwarai, ga kuma magani a jikinsa. Ya ce a yanzu dai hatsarin ya wuce, amma za su riƙe shi kwana biyu.

Ya nuna Mai Tabarau, ya ce mu gode wa wannan. Da an bar shi a kwance ya yi barci, da aman ya iya shaƙe shi.

Yaron ya zo ya durƙusa a gabanmu. Ban tambaye shi ba, shi ya fara. Ya ce bita sunan da suka sa wa zaman shan ne, don kada kowa ya gane. A bayan wani tsohon ɗakin ajiya suke taruwa. Ranar nan, saboda murnar gama jarrabawa, gasa suka yi, wa zai riga shanye kofinsa. Kofin Dogo ya fi na kowa girma. Dogo ya ce yana shan magani. Suka yi masa dariya, suka ce likitoci tsoratarwa kawai suke yi.

Da ya faɗi, wasu suka gudu. Wasu suka ce a bar shi ya yi barci, zai farfaɗo. Wani ya ce in aka je asibiti da me za a biya, ga shi ba wanda yake da ko sisi. Mai Tabarau ya ce shi ma ya kusa yarda. Ya laluba aljihun Dogo ko zai samu wani abu. Sai ya ci karo da katin. Ya juya bayan katin, ya ga an rubuta cewa a yanayin gaggawa a kai mai katin asibiti nan take, ba a biyan komai kafin a duba shi.

Ya ce, "A ƙasa kuma na ga lamba, manya-manya kamar a allon 'yan aji ɗaya. Na ce wannan rubutun uwa ne."

Shi ya goya Dogo har bakin titi. Siririn yaro, ga Dogo da tsawo, ƙafafunsa suna jan ƙasa.

Babansu ya ɗago shi daga durƙuson. Ya riƙe hannunsa ya daɗe bai saki ba.

Da safe Dogo ya buɗe ido. Ya gan ni a kujera. Ya juya fuska wajen bango. Na jiƙa tawul na goge masa goshi.

Can ya ce, "Umma, kin sani?"

Na ce na sani.

Ya yi kuka kamar ranar da na fara kai shi makaranta. Na bar shi ya gama. Sannan ya ba ni labari. Ya ce a ƙarshen shekarar farko aka fara gayyatarsa. Ya ƙi. Suka riƙa kiransa ɗan Umma, in ya shigo ɗaki su ce a ɓoye kofuna liman ya zo. Ya ce kurɓa ɗaya ya yi don su rabu da shi. Mako na gaba ya yi biyu. Daga baya shi yake riga kowa zuwa.

Na tambaye shi me ya hana shi gaya wa likitar haƙori.

Ya ce, "Kina zaune, Umma. Kin riga kin ce ni limamin gida ne."

Ya ce ya taɓa tunanin zuwa asibitin kwaleji shi kaɗai ya nemi taimako. Amma ya ɗauka duk abin da ya faɗa za a rubuto shi a takarda a aiko gida. Ya san kuwa ba takardar da take shiga gidanmu ta tsira.

Maganar ta soke ni. Na ce masa shan nasa ne, ba zan ɗauke masa ba. Shi zai tuba, shi zai gyara. Amma amsar da na riƙa bayarwa a madadinsa, wannan tawa ce. Na ce ya yafe mini. Ya kama hannuna ya ce ni zan yafe masa.

Da likitan ya zo zagaye, Dogo da kansa ya ce a gyara abin da aka rubuta a fom. Likitan ya gaya masa cewa abin da mara lafiya ya faɗa wa likita amana ce, ba a aika wa kowa. Ya ce katin nan ba na gado da allura kawai ba ne. Akwai mai ba da shawara da take zama da matasa masu son barin shaye-shaye, kuma katin ya ɗauki nauyin ganinta. Dogo ya ce yana so.

Babansu bai yi masa magana ba sai da muka dawo gida. Kwana uku yana fita da sassafe, ya dawo ya ci abinci shiru. Dogo ya rame a tsaye. A rana ta huɗu ya je ya durƙusa a ƙofar ɗakin babansu. Ina jin su daga wajen keke.

Babansu ya ce, "Shan da ka yi, tsakaninka da Ubangijinka ne, kuma ƙofarsa a buɗe take. Abin da ya hana ni barci daban ne. Ka zauna kana kallo mahaifiyarka tana yi maka shaidar da ka san ba gaskiya ba ce. Har sau biyu."

Dogo ya ce ya tuba.

Babansu ya ce ya tashi, ƙasa ba ta jin tuba. Ya ce gobe ya shirya su tafi shago tare, hutun nan duka a can zai yi shi.

Kwalejin ma ta kira Dogo da abokan bitarsa. Aka ba su takardar gargaɗi, aka ce duk wanda ya sake sai dai ya tattara kayansa. Aka rufe wurin da suke taruwa. Dogo ya kawo mini takardar da hannunsa, ya ce in karanta. Na karanta a zuciyata.

Ranar da zai fara ganin mai ba da shawara na raka shi. Muka isa ƙofar ofishinta. Ta ce Mama bismillah, akwai kujera. Na ce a'a, ni a waje zan jira. Ban san me suka tattauna ba, har yau ban tambaya ba.

Ba a rana ɗaya abin ya wuce ba. Akwai Asabar ɗin da ya kira ni da yamma, ya ce in yi ta yi masa hira kawai, kada in kashe waya. Na ba shi labarin wata mata da ta kawo ɗinki ta ce awona ne ya yi ƙarya, ba ita ta yi ƙiba ba. Ya yi dariya. Muka yi ta hira har ƙarfe huɗu ta wuce, biyar ta wuce.

Yanzu shekara guda da rabi ke nan. Dogo yana ajin ƙarshe. Kumatunsa sun dawo. Haƙorin ma an cire shi, da katin. Mai Tabarau ya bi shi wurin mai ba da shawara, daga baya suka ja wasu biyu. Yaron nan ya zama ɗan gida. In ya zo, ƙannen Dogo suna tsokanarsa wai yaya aka yi tsinke ya ɗauki falwaya. Babansu kuwa ya je da ƙafarsa ya yi wa gidan duka rajistar inshorar lafiya. Ya dawo ya zube katunan a kan kekena, ya ce in rubuta lambar, amma in rage girma.

To ƙawata, ga abin da ya sa na ba ki wannan labari. In kin je kwaleji aka ba ki takardar inshorar lafiya, kada ki ce ai lafiyarki ƙalau. Dogo ma lafiyarsa ƙalau. Ki yi katin, ki sa shi a jikinki, ki gaya wa abokiyar ɗakinki inda yake.

Giya kuwa, ko wane suna aka sa mata, ki bar ta inda kika gan ta. Za a yi miki dariya. Dariya ba ta kwantar da mutum a asibiti. Masu dariyar nan su suka fara gudu ranar da ɗana ya faɗi. In kuma kin ga wani ya sha ya faɗi, kada ki ce a bar shi ya yi barci. Ki kwantar da shi a gefensa, ki nemi taimako nan take.

Likita kuma ba a yi masa ƙarya. In kunyar wani ta hana ki magana, ki ce ya ɗan ba ku wuri. Ko mahaifiyarki ce. Za ta ji zafi na minti ɗaya, amma ta fi son ranki.

Sai da na nemi izinin Dogo kafin in rubuto miki. Ya ce in dai ke kaɗai ce, ya yarda. Don haka ki riƙe darasin, ki raba wa duk wanda kike so, amma kada ki gaya wa kowa ɗan wa ne. Musamman kakarsa. Har yau tana ba mutane labari cewa ciwon haƙori ne ya kwantar da jikanta kwana biyu, tana yi wa kowa faɗa a kan alewa. Ki bar ta a haka.